Jirgin Saman da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa surukina jirgin sama ba, ko da ma na so in manta, don dangin matata ba za su bari ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, ina neman auren Rifkatu. Komai ya tafi daidai, saura abu ɗaya: mu je ƙauyensu, can gefen Zangon Kataf, babanta ya gan ni, ya yarda a sa bikin a Disamba. Disamba muke so ido rufe, don da shigowar sabuwar shekara za a tura ta aiki wani asibiti a Kaduna, ni kuma ban shirya zaman soyayya ta waya ba. Baban nata tsohon sojan sama ne, ya yi ritaya ya koma noman citta. Rifkatu ta ce mini ba shi da yawan magana, kuma ba abin da ya tsana kamar aikin gaggawa. (Da kunnena na ji wannan. Har gyaɗa kai na yi.)

Kawu Bulus, wanda zai yi magana a madadinmu, ya riga ya tanadi abin da aka saba kaiwa, su gishiri da manja da lemon kwalba. Amma ni da son burgewa, sai na ga ya kamata in ƙara wani abin da zai shiga zuciyar tsohon. A waya na ga wani ɗan jirgin sama na katako da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da kansa. Na ce shi ke nan, tsohon sojan sama ai ba abin da ya fi wannan. Abokina Emeka, mai shagon kayan waya a kasuwa (a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu), shi ya sa aka taho mini da shi daga Legas.

Sai motar da ta ɗauko shi ta lalace a hanya. Kwalin bai iso ba sai da safen Asabar ɗin da za mu tafi. Da muka buɗe, muka tarar da siraran katakai marasa nauyi kamar karan dawa, ɗan gam ɗin da aka saka a ciki kuma ya fashe ya bushe tun a hanya. Na ruga wajen kafintan bayan gidanmu, ya zuba mini farin gam a gwangwanin madara.

Emeka ya leƙa gwangwanin ya ce, "Ticha, wannan gam sai ya kwana fa, balle yanzu damina. Ka bari in za ka sake zuwa ka kai masa."

Na ce masa zuwa na biyu ai ba shi ne zuwan farko ba. Ya ɗaga kafaɗa ya koma shagonsa.

Na zauna na hau aiki. A lissafina, yawan gam shi ne ƙarfin jirgi, don haka na yi ta laftawa, ciki da waje, ba rowa. Da na gama, wallahi jirgin ya yi kyau, ga fukafukai ga jela ga farfela a gaba. Na ɗauke shi na kai shagon maƙwabciyata mai gyaran gashi, ta hura masa iskar na'urar busar da gashi tana dariya. Na taɓa da yatsa, ban ji danshi ba. Na ce ashe Emeka tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Don kada ruwan sama ya taɓa shi, na naɗe shi a leda na ɗaure tam, na rungume shi a cinya har muka isa.

Kafin mu shiga gidan, Kawu ya ja ni gefe. Ya ce, "Yau ba ka da baki. Ko taka ka aka yi, kada ka ce uffan. Ni ne bakinka."

Falon a cike yake da dattawa. Aka ba ni kujera 'yar tsugune kusa da ƙofa, na sunkuyar da kai kamar yadda ya dace. Kawu ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo mu, ya miƙa kaya. Can daga ƙarshe ya kwance ledar ya miƙa jirgin da hannu biyu. Na ɗan saci kallo, na ga fuskar tsohon ta washe. Ya juya shi a hankali, ya kaɗa farfelar da yatsa.

"Shi ya haɗa da hannunsa?"

Kawu ya ce, "Shi ya haɗa, Baba. Yaron nan haka Allah ya yi shi, komai nasa a natse. Tun yana ƙarami ba a san shi da gaggawa ba."

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, har na fara tunanin kalar ankon biki. Baba ya ɗora jirgin a cinyarsa, a kan sabon kaftaninsa shuɗi, ya riƙe shi da hannu biyu. Sai wani dattijon ikilisiya ya miƙe ya ce mu rufe ido mu yi addu'a.

Duk wanda ya san dattawanmu ya san addu'arsu ba ta gajere ba ce. Wannan daga Adamu da Hauwa'u ya fara. Ya gangaro kan damina, ya roƙa wa citta kariya daga cuta, ya shiga kan matafiya da marasa lafiya da masu mulki. Yana kan masu mulkin ne na buɗe ido ɗaya, don kawai in ƙara ganin jirgina a hannun surukina. (Kada ku tambaye ni me ya sa. Shaiɗan ne.)

Fiffiken dama yana sauka. A hankali yake sauka, ba hayaniya, wani farin layi yana buɗewa a inda na haɗa shi. Na rufe idon na sake buɗewa, ko gizo yake mini. Sai na ga ɗigon farko ya faɗa kan shuɗin kaftani.

Ashe saman gam ɗin ne kawai ya bushe, cikin yana nan ɗanye sharaf, ledar da na ɗaure kuma ta ƙara jiƙa shi. Na dubi Kawu, idonsa a rufe gam, shi ya fi kowa ƙarfin amin. Na dubi ƙofar kicin, sai muka haɗa ido da Rifkatu. Ita ma ta gani, ta toshe baki da tafin hannu. Ba ni da ikon magana, kuma ko da ina da shi, wa ya isa ya katse addu'a a gidan surukai? Nan na fara tawa addu'ar a zuci: ya Ubangiji, ko dattijon nan ya gama yanzu-yanzu, ko kuma kada ya gama har abada.

Duk amin ɗin da Baba ya ce, sai ya ɗan matse jirgin. Jelar ta karkace ta faɗi. Fiffiken hagu ya bi ɗan'uwansa. Daga nan cikin jirgin ya buɗe, duk gam ɗin da na lafta ya malalo masa a cinya. Na tabbata ya ji sanyin abin, amma soja ne, ko motsi bai yi ba, bai kuma buɗe ido ba sai da aka ce cikin sunan Yesu, amin.

Kowa ya buɗe ido. Bakin Kawu a buɗe, ya kasa rufewa. Wata gwaggo ta faɗi wani abu da yarensu, ban ji ba, amma na ji mata a tsakar gida sun fashe da dariya. Baba ya ɗaga abin da ya rage a hannunsa, fiffike ɗaya ya zauna manne a kaftaninsa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Yaushe ka haɗa shi?"

Kawu ya gyara murya zai amsa, Baba ya ɗaga masa hannu, gam yana bin yatsunsa. "Bari ya faɗa da bakinsa."

Na ce, "Yau da safe, Baba." Ko ni ban gane muryata ba.

"To. Disamba kuka ce?"

"I, Baba."

"Disamba ta yi kusa, ɗana. Kwashe kayanka ka je ka haɗa a hankali. Ran da ya tsaya da kansa, ka dawo mu yi maganar rana."

Haka na durƙusa a gaban dattawa ina tsintar fukafukai ina zubawa a leda, har da wanda na ɓamɓaro daga rigar surukina. Kunya kam ban taɓa jin irinta ba. Da motarmu ta shigo Kafanchan, Kawu ya ce mini, "Ni ka sa na yi ƙarya a gaban dattijon ikilisiya." Rifkatu kuma ta kira ni tana kuka tana dariya, ta ce, "Ticha, wa ya aike ka?"

Katakan farko sun kumbura sun lanƙwashe, sai da aka sake taho mini da wani kwalin. Wannan karon gam ɗan kaɗan nake shafawa, in maƙale gaɓar da abin maƙale kayan shanya, in bar ta ta kwana kafin in taɓa ta gaba. Da na kai, Baba ya girgiza shi, ya riƙe shi ta fiffike ɗaya, ya ajiye a kan talabijin, sannan ya sa mana rana bayan Ista. Rifkatu ta tafi Kaduna ba aure, ni kuma na yi zaman soyayya ta wayar da na ce ban shirya ba, kuma ya yi mini ciwo sosai.

Darasin da na koya shi nake ba duk saurayin da ya zo neman shawarata. In za ka gidan surukai kana son burgewa, ka ja akuya ka kai musu. Ita a haɗe take zuwa.