Ƙafar Zalɓe

A Tafkin Maraki akwai al'adar da ba wanda ya san mafarinta. Duk ƙarshen damina Sarauniya Dorina takan shiga tsakiyar ruwa ta kwanta, kadojin fada su kewaye ta, sannan Zalɓe, Sarkin Awo, ya tsoma ƙafa. Inda ruwa ya tsaya a ƙafarsa, shi ne arzikin shekara.

Tafkin kuwa kullum ƙanƙancewa yake yi. Amma da yake Sarauniya na ƙara ƙiba, fadawa na ƙara yawa, awo bai taɓa yin ƙasa ba.

Wata shekara Zalɓe ya tsoma ƙafa, ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, ruwa ya wuce gwiwa. Kakanninmu ma ba su ga irin wannan yalwa ba. Wannan basirar mulkinki ce."

Kifaye suka yi ta guɗa, har da waɗanda bayansu ke shan rana.

Sai tsohuwa Gaiwa, wadda ba a cika son zama kusa da ita ba saboda warin taɓo, ta ɗago kai. "Ranki ya daɗe, ni ban yi karatun awo ba. Amma a daure a gwada sau ɗaya kina waje. Ƙoramar da ke kai mu kogi saura kwana kaɗan ta yanke. In ruwan bai kai ba, ƙananan kifaye su fice tun da hanya."

"Iya," in ji Galadima Kada, "masana na magana, ke kina kawo mana zancen taɓo?"

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Majalisa ta yanke a naɗa wa Sarauniya sarautar Uwar Ruwa, a bakin gaɓa, inda duniya za ta gani.

Ranar naɗi Sarauniya ta fito, fadawa suka biyo ta. Ruwa ya sauka har idon sawun Zalɓe. Kowa ya ga taɓo da idonsa.

Galadima ne ya fara samun bakin magana. "Jama'a, kun gani? Tana fita ruwa ya tafi. Ashe ita ce ruwan."

Ban taɓa jin taron da ya yi murna da halakarsa kamar wannan ba. Nan take aka kafa doka: Sarauniya ba za ta sake fita ba, kuma duk kifin da ya nufi ƙorama ya raina ta. Gaiwa ta roƙi ƙananan kifaye su bi ta, uku kawai suka saurara, ta raka su bakin ƙorama a ɓoye. Ita kuma ta haƙa taɓo ta shige.

Da damina ta dawo, Gaiwa ta fito. Ta tarar da haƙarƙarin Dorina a tsakiyar tafki, da ƙayoyin kifi birjik. Zalɓe kaɗai ya yi ƙiba. Yana tsaye kusa da wata sabuwar dorina, ya ɗaga ƙafa zai tsoma.

Gaiwa ta dube su. Ta juya ta fara neman inda taɓo ya fi laushi.