Galurar Inna a Leɓena

Ranar da mushe, malaminmu, ya ce zanen da ya fi kyau a ajinmu za a kai shi gasa Tawa, kowa ya ruga kantunan Madawa neman ɗan akwatin fentin ruwa. Ni kuwa, da gemuna ya fara tsirowa, na ce wannan kayan yara ne. Na ɗebo jar galurar da Inna take rina kabar tabarma, na ɗaura buroshi da gashin wutsiyar jaki.

Na taɓa ganin mushe yana lasar bakin buroshinsa don ya yi tsini. To, ai ni ma gwani ne. Na lasa, na zana, na sake lasa, har tulin albasata ya fito tsaf.

Inna ta dube ni, ta ajiye ludayi. "Ɗan ga, wa za shi aurenka?"

Na dirje da sabulu, da toka, har da yashi. Kwana huɗu leɓena jajir.

Zanen dai ya tafi Tawa, kuma ina sa ran zai ciyo. Amma ko jiya da na shiga aji, sai da 'yan bencin baya suka miƙe suna guɗa: "A ba amarya hanya!"