Rasuwar Layin Gandun Gidan Veldman

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kai a sunkuye, Corinne, babbar 'yar Harlan Veldman na garin Muskegon a jihar Michigan, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar layin wayar gandun gidansu, wato asusun waya guda da dukan iyalin suke kai. Ya cika a farkon bazarar nan, yana da shekara goma sha bakwai, bayan gajeriyar jinya. Mai sanarwar ta so ta tsaya a nan kamar yadda aka saba, amma kowa a dangi ya san hannunta ne ya fara kwantar da shi.

An haifi marigayi a wani ƙaramin shagon waya, ranar da mahaifiyar su Corinne, Joyce, Allah Ya ji ƙanta, ta gaji da neman 'ya'yanta a gidajen maƙwabta. Ta tasa ƙeyar mijinta zuwa shagon, suka fito da lambobi biyar ƙarƙashin suna ɗaya. Baba Harlan ne mai asusun. Akwai lambarsa da ta matarsa, da ta Corinne, da ta ƙaninta Wesley, sai ta Gwaggo Bernice, ƙanwar Baba, wadda rakiya kawai ta yi aka haɗa da ita. Da farko mintuna suke rabawa, daga baya aka koma data, kowa daga tukunya ɗaya yake ɗiba.

Marigayi ya yi zaman lafiya da kowa. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Ya ɗauki hotunan duk kifin da Wesley ya taɓa kamawa a tafki, har da waɗanda ba su kai a nuna wa mutane ba. Shi ya kai labarin haihuwar 'ya'yan Corinne biyu. Shi ne kuma ya tara su a asibiti ranar da jikin Mama ya yi tsanani, ya sa kowa ya iso kafin ta cika. Bayan ta, lambobin suka koma huɗu, ya ci gaba da ɗauke da su bai yi ƙorafi ba.

Abin da za a fi tunawa da shi muryarsa ce. Duk ƙarshen wata, idan data ta kusa ƙarewa, sai ya yi 'yar ƙara, tin-tin, a wayoyin gidan gaba ɗaya. Kafin ƙarar ta mutu, kiran Baba ya shigo.

"Corinne, ke ce ko?"

"Haba Baba, ko gaisuwa babu?"

"Na gaishe ki. Wa ya cinye mana data?"

"Tambayi ƙanwarka da bidiyon kyanwoyinta."

"Bernice? Wadda ba ta san inda ake dannawa ba? Kar ki ɗora wa tsohuwa laifi."

Gwaggo Bernice kuwa ta san inda ake dannawa sarai, kuma ita ce ɓarauniyar tun asali. Amma daga faɗan data sai hira ta zarce. Baba ya tambaya ko an sauya tayoyin mota kafin dusar ƙanƙara ta sauko, ya ba da labarin maƙwabcin da ya sare bishiya ta faɗo kan garejinsa, ya sa a miƙa wa jikoki waya su yi masa ƙirga. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta, bakinsa ya saba da "zauna" da "yi shiru". Bai iya ɗaga waya ya ce yana kewar mutum ba. Marigayi ne yake ba shi dalilin kira, kuma Corinne ba ta gane haka ba sai da ƙasa ta rufe ido.

Ciwon ajali ya fara ne a cikin mota. Corinne tana tafe da mijinta Tobias da ƙanwarsa, kiran Baba ya shigo ta lasifikar mota, ya fara faɗansa na wata-wata kowa yana ji. Da aka kashe, ƙanwar mijin ta kwashe da dariya.

"Uwar 'ya'ya biyu, amma har yau babanki yake auna miki data? Ko kuɗin tara ma shi yake ba ki?"

Corinne ta taya ta dariyar, amma maganar ta tsaya mata a rai. Cikin makon ta yanke shawarar ɗauke lambarta ta mayar kamfanin da mijinta yake. Can aka gaya mata ba a fitar da lamba daga gandu sai da lambobin sirri da za a tura wa mai asusu. Ta kira Baba.

"Baba, yanzu za a turo maka wasu lambobi. Karanto min su."

"Na mene ne?"

"Ɗan gyara ne kawai."

Ta ji yana jan kujera, yana laluben tabarau. Ya bi saƙon ƙasa-ƙasa, sannan ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, ya sake maimaitawa don kada ta yi kuskure. Ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce ta ci, tana sauri, za ta kira anjima. Kafin yamma lambarta ta bar gida.

Daga nan jikin marigayi ya rikice. Wesley ya ce tunda Yaya ta fita, shi me zai zaunar da shi, ya fice. Gwaggo Bernice ta ga babu sauran wanda za a ɗora wa laifinta, ta bi wata ƙawarta ta coci zuwa layin tsofaffi. Baba ya saura shi kaɗai. Ya saka rigarsa ta fita unguwa ya je shagon waya, ya dawo ya tsaya a gidan ƙanwarsa, ko zama bai yi ba.

"Yarinyar shagon ta mayar da ni layin mutum ɗaya," in ji shi. "Ta ce mutum ɗaya ba iyali ba ne."

A ranar marigayi ya cika, babu ko ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan a kansa.

Ƙarshen wata ya zo, wayar Corinne ba ta yi ƙara ba. Tana da datar da ba ta ƙarewa, tana iya kallon duk abin da ta ga dama, babu mai tambaya. Wani watan ma ya wuce shiru. Da ta kira Baba da kanta sai su gaisa, ya ce lafiya lau, ta ce lafiya lau, ya ce to kada ya cinye mata lokaci. Sun rasa ta inda ake shiga hira idan babu faɗa a bakin ƙofa. Ranar da abin ya ishe ta, ta tare shi kafin ya kashe.

"Baba, lambobin nan da ka karanto min, ba gyara ba ne."

"Na sani. A jikin saƙon an rubuta aikinsu. Har da manyan baƙaƙe, wai kada in ba kowa."

"To me ya sa ka ba ni?"

"Ke kika tambaya."



Marigayi ya rasu ya bar lambobi huɗu a warwatse a kamfanoni uku, da durowa guda cike da cajojin da babu wanda ya san wayarsu, da tsoho ɗaya wanda yanzu data take yi masa saura duk wata. Corinne tana roƙon kada a ga laifin Wesley ko Gwaggo Bernice, domin ƙofar da suka bi ita ta buɗe ta. Masu zuwa ta'aziyya kuma su yi haƙuri kada su ce mata ajali ne ya yi, ta san ba shi ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a bayan gidan Baba Harlan, gefen shukar tumatir. Za a binne tsohon katin sim ɗin Corinne a cikin gidan ashana. Wesley ne zai haƙa ramin, Gwaggo Bernice za ta ja waƙa, kuma ta yi alkawarin amsa laifinta a gaban jama'a. Mai sanarwar za ta kawo gasasshiyar kaza da kirɓaɓɓen dankali da kek ɗin tuffa. Ba a buƙatar furanni.

An nemi Baba ya yi jawabi a bakin kabari, ya ce shi ba shi da abin faɗa. Ya dai roƙa a zo da wuri, kuma idan an gama kada kowa ya yi gaggawar tafiya.