Mika'ilu Ƙamus da Fayilolin B.U.

"Ni fa da Bature zai ji Turancina ta bayan katanga, sai ya cire hula!"

Haka Mika'ilu ke faɗa kullum a wani ofishin En'e da ke Kontagora, shekara biyar bayan samun 'yancin kai. Ƙaramin akawu ne, amma biro uku gare shi a aljihu, biyu ba sa rubutu. Mu dai Ƙamus muke ce masa, shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne. Ba abin da ke ransa sai kujerar Malam Audi, babban akawu, wanda ya kusa ritaya.

Ran nan Malam Audi zai tafi rangadi Rijau, ya kira shi ya ce, "Sito ya cika, gara ta samu gida. Fayilolin da na ja wa jan layi sun haura shekara goma, su za ka ƙona. Su kaɗai."

Mika'ilu ya ƙone masu jan layi, ya ga aikin ya yi wa ilminsa kaɗan. Yana waiwayawa sai ga wani tari a kan kanta, kowane an rubuta masa B.U.

"Baba Yohanna, kwaso su!"

Yohanna tsohon masinja ne. Ko bihim bai iya karantawa ba, amma shekara ashirin yana dakon fayil. Ya ce, "Malam, masu wannan zane mayar wa Yallaɓai nake yi, in ranarsu ta zo."

"Kai tsoho, ina ka san boko? B.U., wato ban of. Ƙona ƙurmus ke nan da Turancin Ingila!"

Ya zuba kananzir, ya ƙyasta ashana, har yana jin ɗumi yana fito. Wallahi har yau in na tuna fiton nan haushi nake ji, don takardar hutuna na ciki.

Ran Litinin Malam Audi ya dawo, ya ce a kawo masa fayilolin B.U., wato birin of, waɗanda ake dawo da su, ranar sake duba su ta yi. Nan Ƙamus ya matso yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, gara ce ta cinye."

Yohanna ya ce, "Ƙwarai. Gara mai ashana."

"To... zan sake rubuta su da ka. Duk na haddace."

Malam Audi ya ce, "Madalla. Fara da na sama. Me ke ciki?"

"Maganar... burtali?"

"Maganar kujerata ce. Sunanka na bayar, Di'o ya sa hannu, na ce a dawo min da fayil ɗin yau in miƙa maka. Shi kuma Di'on an yi masa canji, tun Asabar ya kama hanyar Kaduna."

Mika'ilu ya sulale ƙasa, biro ukun suka watse. Na so in yi dariya, sai kuma tausayi ya kama ni, amma ba sosai ba.

Malam Audi ya rubuta masa takardar gargaɗi mai zafi, ya ce a buɗe masa sabon fayil, ita ce shafi na ɗaya. Ƙamus ya durƙusa yana magiya, a rufa masa asiri, a taimaka a ɓatar da ita.

Yohanna ya karɓi takardar, ya jujjuya ta, ya ce, "Yallaɓai, abin ai ba wuya. Rubuta mata B.U. kawai, ka bar shi da Turancinsa."