Yadda Za Ka Ci Gaba Da Zuwa Aiki Bayan An Sallame Ka

Kai mai zanen gidaje, na san halin da kake ciki. Kasuwa ta mutu, masu hali sun daina gini, kamfani ya ce ka je gida ka huta "sai abubuwa sun daidaita". Kai kuma ka kasa faɗa wa matarka, wadda kullum take cika baki da kai a gaban danginta. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ko kyanwar gidanku ba za ta gane ba.

1. Fita da wuri, kana mita
Mai aiki ba ya fara'a da safe. Ɗaure fuska, kurɓi shayi a tsaye, nemi makulli kana faɗa. Rataya doguwar robar nan da kake naɗe zane a ciki. Ba sai da zane ba, burodi ma yana shiga.

2. Kada ka manta hular kwano
Ɗora ta a gaban mota inda maƙwabta za su gani. In motar ma ta tafi, riƙe ta a hannu. Ba a yi wa mai hular kwano tambaya.

3. Samo wurin yini
Gari cike yake da benayen da aka watsar ba a gama ba. Zaɓi wanda kai ka zana, ko ba komai ka san ta inda iska ke shigowa. In ka hau sama ka tarar da tsohon oganka zaune kan bulo da tasa hular, kada ka ruɗe. Ka ce, "Yallaɓai, an zo duba aiki ne?" Zai ce, "Ƙwarai kuwa, ai aiki sai da sa ido." Ku raba burodin, kada wanda ya ƙara wata tambaya.

4. Koma gida da ƙura
Shafa wa takalminka ƙura, ka shiga gida kana zagin magina: "Na ce a sa taga nan, sun kai ta can!" In matarka ta ce sannu da aiki, amsa da nishi.

5. Kame hannunka
A nan da yawa ke faɗuwa. Maƙwabcinka tela zai fara ƙara ɗaki a bayan gidansa, ya juya ƙofar daidai inda ruwan sama ke bugowa. Ranka zai yi ta suya, yatsunka su riƙa neman fensir. Kau da kai. Wanda aiki ya sha wa kai ba ya da lokacin ɗakin tela.

6. In abin ya zo da ƙarar kwana
Wata rana da yamma za ka tarar da matarka zaune da wandonka a cinya, tana tsince wani abu ɗaya bayan ɗaya. Ba za ta ɗago ba.

"Baban yara, wane irin gini kuke yi da ƙarangiya ta tsiro a cikinsa? Tun damina nake cire ta."

Kunya za ta rufe ka har ƙafa, kuma babu matakin da zai cece ka. Tsaya kawai.

"Ban faɗa wa kowa ba," za ta ce. "Amma na ce wa tela ya dakata da ɗakinsa, mijina zai duba masa in ya sami sarari. Yayarsa ma tana so a zana mata shago. Gobe kana da sarari?"

Gyara murya ka ce, "Zan duba in gani." Sannan ka shige ɗaki ka goge idonka, ka zazzage ɓurɓushin burodi daga robar, ka fiƙe fensir.

Gargaɗi
In ka wayi gari a bayan gidan tela kana awo, ƙurar gaske a takalminka, tsohon oganka riƙe da ɗaya bakin igiyar awon yana cewa "Ja kaɗan, Yallaɓai", to ni ba ruwana, kada a neme ni. Koma ka karanta farkon maganata da kyau: a kan kyanwa na ba da tabbaci. Ban ce komai a kan matarka ba.