Ranar da Ɗalibaina Suka Haɗiye Dokta

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, lokacin ina koyarwar gwaji a wata sakandaren 'yan mata a Jimeta. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, kuma dokar a fili take: malama daga kwaleji za ta zo ta zauna a ajinki ta ba ki maki, in kin faɗi ki maimaita shekara. Wadda aka haɗa ni da ita Dokta kawai muke ce mata, mace ce mai jiki, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. An ce mini Juma'a za ta zo. Babana kuwa ya riga ya zagaye unguwarmu ta Bako yana shelar 'yarsa ta kusa zama malamar kimiyya.

Darasin makon shi ne tantanin ƙwayar halitta, wato siririyar fatar da ta kewaye kowace ƙwaya a jikinmu, mai zaɓar abin da zai shiga da abin da zai fita. Sau biyu ina zana shi a allo. A karo na biyun wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko tabarma ce. A nan na ce to, tunda zane ya ƙi, su da kansu za su zama tantanin, mu gwada ran Laraba kafin Dokta ta zo.

Na jera su sahu biyu a bakin ƙofa, baya da baya, domin tantanin kitse ne ninki biyu, kawunansa na son ruwa suna kallon waje da ciki, wutsiyoyinsa na gudun ruwa suna ɓoye a tsakiya (jelar hijabi da ta ɗankwali suka zama wutsiya). Manyan ajin guda huɗu na naɗa su furotin, masu gadin ƙofa, shugabarsu wata Rahila, 'yar Numan, wadda ko shugaban makaranta sai ya shirya kafin ya yi musu da ita. 'Yan ƙananan na ce su ne iska, su sulale ta tsakanin sahu ba tambaya. Sukari da gishiri sai mai gadi ya buɗe musu. Abin da ya fi ƙarfin ƙofa kuwa, tantani lanƙwasawa yake ya naɗe shi, ya haɗiye shi zuwa ciki. Haka kuma yake naɗe shara ya tofar da ita waje.

Don wannan haɗiyar na roƙi yayata, Adda Jummai, ta zo daga unguwar Demsawo ƙarfe goma, saboda Allah ya hore mata jiki. Yaran ba su san ta ba. Na dai ce musu wata babbar baƙuwa za ta zo, ita ce abinci, za ta yi faɗa, za ta yi barazana, kar su saurare ta. Wadda ta saki hannu sifili ne makinta.

Ni kuma na ɗauki matsayin cibiyar ƙwayar. Na hau tebur a ƙarshen aji na zauna, na kifa shuɗiyar robar wanki a kaina, wai ita ma cibiya tana da nata rufin. (Ba wanda ya sa ni. Ni na ɗauko robar daga gida, a keke, ina jin kaina.) Ba na ganin komai sai gwiwoyina.

Goma ta ɗan gota na ji takun takalmi, sannan muryar Rahila tana cewa a tsaya. Baƙuwar ta ce a ba ta hanya. Rahila ta amsa da Hausarta ta Jimeta: "Malama ya ce babban abu ba ya wuce ta ƙofa." Baƙuwar ta tambaya ko sun san ko ita wace ce, aji ya haɗa baki ya ce abinci. Ina cikin roba ina dariya, ina cewa lallai Adda ta iya wasa, har murya ta canza. Da na ji suna ɗan jinkiri sai na buga robar na ce:

"Me kuke jira? Ku haɗiye ta. Ba kwa ganin girmanta?"

Wallahi sun yi aiki mai kyau. Na ji sahu ya lanƙwasa, takalma talatin suna ja a siminti, ana matsowa a hankali har gaban teburina. Suka tsaya. Na ɗaga robar ina murmushi, sai ga Dokta a tsakiyar da'ira, gilashinta ya karkace, ɗankwalinta ya zame, fayil a ƙirji. An sauya mata rana, ba wanda ya gaya mini.

Na diro daga tebur. Na so in gaishe ta, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu da shigowa." Kunya ta kama ni har na ji ina son in mayar da robar.

Ba ta kalle ni ba. Ta gyara gilashi ta tambayi Rahila me ya sa ba a bar ta ta bi ƙofa ba, Rahila ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta tambayi wadda ta ce tabarma me ya sa wutsiyoyi suke ɓuya, ta amsa daidai. Sai ta ce, to abin da ƙwaya ba ta bukata fa, yaya ake yi da shi? Suka ce naɗe shi ake a tofar. Dokta ta nuna ni da biro.

"Ku nuna mini."

Haka ɗalibaina suka kewaye ni, da robata a hannu, suka tura ni sannu a hankali har baranda, suka koma suka rufe sahu. Ba su ko yi jinkiri irin wanda suka yi mata ba. Minti ashirin ina tsaye a rana, malamai suna leƙowa ta taga, ina jin ta tana yi musu tambayoyi, ina lissafin yadda zan gaya wa Baba. A nan Adda ta same ni, tana haki, tana tambaya ko har yanzu ana bukatar abincin.

Da Dokta ta fito sai ta miƙo mini takardar makina. Na ci. A ƙasa ta rubuta cewa ɗalibai sun fahimci darasi fiye da yadda ake bukata, malama kuma ta riƙa kallon ƙofa.

Yau shekaruna da yawa ina koyarwa, kuma har yanzu da 'yan aji nake gina tantanin. Amma duk wanda zan ce a haɗiye, sai na fara ganin fuskarsa.