Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

"...lafiya lau, amarya, sai ciwon bayan da aikenki ya jawo mini. Ko sannu da zuwa ta kirki babu?"

"Na yi maka sannu, Tsoho, kunnen ne ya ƙi ɗauka. Ina saƙona?"

Tun azahar Halimatu Sa'adiyya take zarya tsakanin zaure da bakin titi, tana jiran kakanta Malam Isiyaku, wanda ya kai tumatir kasuwar 'Yan Kaba. Ranin shekarar dubu biyu da shida ne. Tana ajin ƙarshe a makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta zo ɗan hutu ƙauyensu da ke gefen Kura, gobe da yamma za ta koma. Da komawarta malamai za su zaɓi aikin da zai wakilci makaranta a gasar Kano, ita kuwa ta riga ta cika baki gaban kowa cewa za ta kunna ƙwan fitila da injin da ta haɗa da hannunta. Ta ciro mayen ƙarfe daga lasifikokin matattun rediyo, ta naɗa wayar tagulla har yatsunta suka yi kanta. Abin da ya rage faifan ƙarfe ne guda biyu, waɗanda za ta jera mayen ƙarfen a kansu su riƙa juyawa kusa da naɗin wayar. Shi ya sa ta yanka kwali daidai girman da take so, ta ba tsohon ya biya ta Ƙofar Ruwa a yanko mata. Duk wanda ya taɓa aiken Malam Isiyaku ya san sai ya ƙara nasa ra'ayin a kan saƙo, amma yarinya ba ta da wani mai shiga birni.

Tsohon ya kwance buhu a hankali kamar mai buɗe lefe. Faifai biyu suka fito suna ƙyalli.

"Duba da kyau. Kwalinki a cikin malafata ya yi tafiyar nan, a kan ƙoƙon kaina. A 'Yan Kaba wani ɗan dako ya miƙo hannu zai rufe kwandon tumatir da shi, na ce idan ya taɓa, shi ma a kwando za a mai da shi gida."

"Kai ɗin? Da haƙoranka uku, su ma kowanne da unguwarsa?"

"Ukun nan sun ci naman da ke ba ki taɓa gani ba. Auna ki gani."

Ta ɗora kwalin. Daidai cif, har hujin tsakiya. Ta kusa yin murmushi, sai ta danne, don idan aka yabi tsohon nan ba a ƙara samun sakat a gidan. Ta ɗauko mayen ƙarfe guda ta ɗora a kan faifan, ta karkata shi. Ya sulale ya faɗi cikin rairayi. Ta goge shi da gefen hijabi ta sake ɗorawa, ya sake sulalewa.

"Tsoho, wane irin ƙarfe ne wannan?"

"Na manya. Irin wanda ake kwanon silba da shi."

"Baƙin ƙarfe na ce maka!"

"Kin ce, kuma na gan shi, yashe a ƙasa, ja wur da tsatsa. Ni in ɗauko wa amaryata wannan? Tun ba a haifi ubanki ba nake noman rani. Duk ƙarfen da zai zauna a ƙasar Kura, ruwa ne maƙwabcinsa, kafin ki juya tsatsa ta cinye shi. Mai yankan ma ya ce, 'Baba, baƙi fa ake saya wa irin wannan aiki.' Na ce ya yi yankansa, ni na san garinmu."

"Wato har an gaya maka gaskiya ka ƙi ji!"

"Yaro ne, gemunsa ko gama fitowa bai yi ba."

"Wa ya ce maka a ruwa zan jiƙa shi? Gasara ce? Mayen ƙarfe ba ya kama wannan. In bai kama ba, ƙarfinsa ba zai tattaru ya bi ta kan wayar ba, fitila kuma ko ƙiftawa ba za ta yi ba!"

"To mayen naki ne rago. A ba shi abu mai kyau ya ƙi? Halinki ya ɗauko."

"Wallahi da na sani da jakin maƙwabcinmu Hamma na aika. Shi dai abin da aka ɗora masa yake kawowa, ba ya tsayawa ba da shawara."

"Ni kike haɗawa da jaki? Na sake ki!"

"Sakin da kake yi mini kullum bayan ka cinye tuwona? Wa zai kwashe ka in ba ni ba?"

"'Yan mata na layi a kaina daga nan har Bunkure."

"Layin karɓar ruɓaɓɓen tumatir, su yi kauɗa."

Ba ta yi dariya ba, shi ma ya lura. Ranta ya ɓaci ƙwarai, idonta ya ciko, ita kuwa ta gwammace a mare ta da ta yi kuka gaban tsohon nan.

"Sai ka koma birni gobe da sassafe."

"Gobe ranar ban ruwan gonata ce. In na bar fangalolin nan, tumatir ya ƙone kafin layi ya sake zagayowa kaina."

"Shi ke nan, ka kashe ni. In je in tsaya gaban malamai da farantai biyu kamar mai tallan awara!"

Ta figi mayen ƙarfen ta shiga zagaya zauren da shi, tana manna wa duk abin da ta samu. Ta manna wa fartanya, ya kama. "Ga baƙin ƙarfe!" Ta manna wa kekensa, ya kama. "Ga shi!" Ta manna wa sakatar ƙofa. "Ko sakata ta fi abin da ka yo mini amfani!" Tana kai hannu bayan ƙyaure, mayen ya ƙwace daga yatsunta ya manne ƙam a jikin wani faffaɗan ƙarfe mai kauri, busasshiyar laka ta rufe rabinsa.

"Ke! Cire hannunki daga nan!"

Ƙarfen da yake tare ƙaramar hanyar ruwa da shi ne, ya karkato da ruwan cikin gonarsa. Kullum da shi yake dawowa gida a bayan keke, kuma ko ɗan cikinsa bai taɓa ara wa ba.

"Af! Ashe akwai baƙin ƙarfe a ƙasar Kura? Ina tsatsar da ka ce tana cinyewa?"

"Wannan tsatsa tsoronsa take ji. Ya san hannuna, ya san ruwana. Kada ma ki kalle shi."

"Kallo ma haramun ne?"

"A kan wannan, haramun ne."

Ta ɗora kwalin a gefe guda na ƙarfen, ta matsar da shi ɗaya gefen. Faifai biyu za su fita, har da saura. Amma ta san abin da rashin ƙarfen yake nufi. Sai tsohon ya shiga ruwan sanyin safiya har cinya, ya riƙa tare shi da laka da buhunan ƙasa, kuma ya tsaya a ciki yana toshe duk inda ya ɓalle har gona ta ƙoshi. Ta sha ganin yadda yake dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma. Ta ɓamɓare mayen ƙarfenta, ta naɗe kwalin a hammata.

"Bar shi, Tsoho. Gwiwarka ba za ta ɗauki ruwan safiya ba. A kai aikin wata, ni na haƙura."

"Gwiwar wa?"

"Taka."

"Ke har kin isa ki ji tausayina? Ni da na tare ruwan nan da ƙirjina tun ana haƙa hanyarsa? Zagi na yafe, jaki na yafe, wannan kam ban yafe ba!"

Ya miƙe bai dafa bango ba, don dai ta gani, fuskarsa kuwa ta nuna abin da miƙewar ta ci masa. Ya rungumo ƙarfen ya ɗora a bayan keke, ya kama ɗaurewa da roba.

"Ina za ka kai shi?"

"Wurin Dalhatu mai walda, kafin ya rufe. A ce jikar Isiyaku ta koma makaranta da fitilar da ba ta kamawa? Ba a gidan nan ba."

"Tsoho, ruwanka fa..."

"Laka ba ta ƙare a Kura ba. Waɗancan masu ƙyallin kuma ki wanke, daga yau a ciki za ki riƙa zuba mini tuwo."

"A faifai mai huji? Miyar ta tsiyaye maka a cinya?"

Ya dubi hujin, ya dube ta, sai ya fashe da dariya har malafarsa ta zame.

"Kawo kwalin, marar kunya. Ki biyo ni da mayen naki kuma, kada in je can in sake ganin wani mai ƙyalli."